Hasken da ya fito a goshin Alhaji Mamman

Ko na manta komai na aikin nan, ba zan manta da ranar da na wanke hoton wani mamaci haske ya fito masa a goshi ba. Watan Safar ne, a shekarar da aka dawo da cikakken aikin hajji bayan annoba. Alhazai sun watse, unguwarmu ta Misfala a nan Makka ta yi irin shirun nata, wato dai kana iya tsallaka titi ba tare da wani ya taka maka silifa ba.

Ku da kuka zo shagon nan kuka tarar da kwamfuta da firinta, ɗakin nan na baya a wurinku ɗakin ajiye kwalaye ne. To, nan ne ɗakin wanki, kuma nan na koyi sana'a a hannun mai shagon, Ammu Bakur. Shi haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙafa. Ni kuwa iyayena Katsinawa ne da suka yada zango a Sudan, can aka haife ni, na zo nan ina saurayi. A tsarin shagon shi ne mu'allim, shi ke ɗaukar hoto, ni ne mai wanki. Ko da aka koma hoton fasfo da na iƙama, wato katin izinin zama, na minti biyar, bai yarda an taɓa ɗakin ba. Akwatunan nagatif, wato fim ɗin da ake ɗaukar hoto a kai, na mutanen unguwa suna nan tun na zamanin ƙuruciyarsa, kuma jefi-jefi wani kan zo neman hoton kakansa.

Bari in yi muku bayanin injin, don in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Mukabbir muke ce masa, shi ne ke faɗaɗa hoto. Dogon wuya gare shi, kansa kamar tukunya a kife. Cikin tukunyar akwai ƙwan lantarki, ƙarƙashinsa gilasai biyu masu kauri da ke tattara haske, sai wurin da ake zura nagatif, sai ido, gilashin da ke jefa hoto, a can ƙasa. Haske ya ratsa nagatif ya sauka a kan takarda, sannan a tsoma takardar a ruwan magani hoto ya fito. Abu ɗaya za ku riƙe: takardar hoto bauɗaɗɗiya ce. Inda haske ya dake ta sosai, nan take yin baƙi. Inda bai isa ba, nan ya zauna fari.

Tsoffin gidajen Makka wuta biyu gare su, ta ɗari da goma da ta ɗari biyu da ashirin, kowa ya san soket ɗin da zai sa fanka da wanda zai sa dutsen guga. A waccan shekarar mai gidan da muke haya ya mayar da ginin duka kan babbar wuta. Idrisa mai gyaran wuta, mutumin Chadi, shi ya yi aikin. Ya duba wayoyin mukabbir ya ce lafiya lau suke, za su ɗauka. Na kunna, sai na ji fau! Ƙwan ya tafi. Na jawo aljihun tebur inda Ammu Bakur ke ajiye na ko-ta-kwana, su ma duka na ƙaramar wuta ne. Shi kuma Ammu Bakur yana garin Ɗa'if wurin 'yarsa yana jinyar gwiwa.

Na zaga shagunan kayan wuta har ƙafata ta gaji. Duk wanda na nuna wa mataccen ƙwan sai ya juya shi ya yi dariya, ya ce an daina kawo irinsa tun yana makaranta. A ƙarshe wani tsoho a unguwar Utaibiyya ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta, ya ba ni farin ƙwai mai zare a ciki, na babbar wuta. Girmansu ɗaya da namu, farinsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Na ɗaura, ya kama, na ce alhamdu lillahi, na cire maganar daga raina.

Ana nan sai ga Yasir, wani matashi ma'aikacin asibiti, cikin 'ya'yan nan namu da Larabci ya fi zama a bakinsu. Mahaifinsa Alhaji Mamman direban tankar ruwa ne, shi ke kai ruwa Arfa lokacin hajji, ya rasu da ɗan jimawa. Hotonsa guda ɗaya tak suke da shi, Ammu Bakur ne ya ɗauka, kuma ya ɓata lokacin da aka rushe gidansu na Misfala suka koma Utaibiyya.

Ya ce mini, "Ya ammi, ummi ce, mahaifiyata. Sukari ya taɓa mata ido, daktur ya ce khalas, shi ke nan, ba aiki, kullum raguwa yake yi. Tana so ta ga fuskar abuya, babana, tun tana gani. Babba nake so, babba marra, sosai."

Na san za ku ce me ya hana a sa a sikana. Sikanar da muke da ita ta takarda ce, ba ta karanta nagatif. Ko da ma ta karanta, tsohuwar ba ta ganin komai a fuskar waya sai ƙyalli. Takarda take bukata, wadda za ta riƙe ta kai bakin taga. Na bincika akwatuna na samo nagatif ɗin, lafiyayye, babu ko ƙwarzane. Na ce masa ya dawo bayan la'asar.

Na rufe ƙofa, na kunna jar fitila, na ɗauko takarda mafi girma da muke da ita. Na yi gwaji da tsirin takarda kamar yadda aka saba, na auna lokaci, na haska, na tsoma. Gemu ya fara fitowa, sai labulen da ke bayansa, sai wuyan riga. Ina jiran goshi da idanu su cika, suka ƙi. Daga bakin hula zuwa karan hanci wani fari ne zagayayye mai laushi, kamar an hura numfashi a jikin madubi. Ana hango idanun, amma can ciki-ciki.

Na ce ruwan magani ne ya tsufa. Na zubar na haɗa sabo, na sake, abin yana nan. Na ce takarda ce, na buɗe wani kwali, yana nan. Na zaro nagatif na duba shi da madubin ƙara girma, goshin mutum sumul, babu komai. Na goge gilasai, na goge ido, na sake. Yana nan daram, wuri ɗaya, girma ɗaya.  Ni kaɗai a ɗaki mai jar fitila, ga mamaci yana kallona ta cikin haske, sai na ji ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Yasir ya dawo ya tarar da hoton a rataye. Ya tsaya, ya dafa bango. "Allahu akbar! Nur! Ya ammi, nur ne, haske ne a fuskar abuya!" Sai hawaye. Ni ma farin nake kallo. Ban san mene ne ba. Kafin in haɗa kalma biyu ya ɗauke shi da waya ya tura wa dangi, ya naɗe hoton ya fita.

Gari na wayewa labari ya gama unguwa. 'Yan uwansu na Kano da na Maraɗi sun gani, an yi ta kuka ana cewa ladan shayar da alhazai ne. Mutane suka fara leƙowa shago. Wani dattijo ya zo ya ce in nemo nagatif ɗin mahaifinsa, kuma ya ja kunnena: "A wannan injin za ka wanke, ba a waccan kwamfutar ba." Ni kuwa kaina ya ɗaure tamau. Rabin zuciyata na cewa ikon Allah ya fi haka, kai waye da za ka musa. Rabi kuma na cewa, Sale, tun kana saurayi kake wanke hotunan bayin Allah a ɗakin nan, ba ka taɓa ganin wannan ba, me ya sa sai yanzu?

Na yanke shawarar gwada wani nagatif. Wanda hannuna ya fara kaiwa na mai gidan da muke haya ne, mutumin da yake da rai da lafiya, wanda ko jiya-jiya ya zazzage mu a kan ruwan da ya zuba a matakala. Na wanke. Sai ga haske a goshinsa, sak irin na Alhaji Mamman. Na zauna a kan kujera na riƙe kai. Na ce to, ko dai mun daɗe muna ɗaukar alhakin mutumin nan ne? Na sake jawo wani, na wani bawan Allah da ya tsaya a gefe yana riƙe da ragon hadayarsa, ragon a tsakiya. Na wanke. Mutumin ya fito garau, hasken kuwa ya sauka a tsakanin ƙahonin rago.

Nan na kira Ɗa'if. Ammu Bakur ya saurare ni har na gama, da na zo kan rago sai da tari ya sarƙe shi don dariya.

Ya ce, "Ya Sale, me ka canza a ɗakin?"

Na ce, "Wallahi Ammu, ban canza komai ba."

Da gaske nake, don a lokacin ko kaɗan ban lissafa ƙwai cikin abin da ake kira canji ba. Ya tambaye ni magani, ya tambaye ni takarda, ya tambaye ni ko ruwa ya ɗiga a gilashi. Duk na ba shi amsa. Sannan ya ce, "Tayyib. Cire nagatif gaba ɗaya. Haska takarda haka nan, ka wanke, ka kira ni."

Na yi yadda ya ce. Takarda ta fito toka-toka ko'ina, sai a tsakiyarta ga farin nan zagayayye, ba mutum ba rago. Da na ƙura ido, sai na ga wasu 'yan dabbare-dabbare a cikinsa kamar rubutun da ruwa ya taɓa. Na kwance tukunyar injin, na bari ƙwan ya huce, na ciro shi na juya. A tsakiyar kansa, daidai inda yake kallon gilasai, ga tambarin kamfani da baƙin tawada, zagayayye. Na ɗauko tsohon ƙwanmu da ya mutu, nasa tambarin a wuya yake, kansa fari fat. Tawadar ce ke tare haske, inda haske bai isa ba kuwa na gaya muku abin da takarda ke yi. Mai ɗaukar hoto kuma kullum a tsakiya yake sa fuska.

Da na gaya wa Ammu Bakur, cewa ya yi, "Ai na tambaye ka me ka canza!" Na ce ƙwai ne kawai. Ya ce, "Kawai? Ya waladi, injin duka ai ƙwan ne, sauran ƙarfe ne."

Kada ku ɗauka an gama, don daga nan ruɗanin ya sake sabon salo. Na kankare tambarin da man goge baki, ya fita. Na haska, sai tsakiyar takarda ta yi duhu gefe ya yi fari, saboda fentin ƙwan gida siriri ne, zaren ciki yana huda shi. Idrisa ya ce in rabu da kayan zamanin da, ya kawo mini ƙwan zamani irin na LED, fari ƙal, wanda ba ya zafi. Na ɗaura, na wanke Alhaji Mamman. Wannan karon hula da riga suka fito fari tas ba ko zare, fuska kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sai fararen idanu biyu. Na rataye shi ina kallo, na rasa ta inda zan kama.

A haka Yasir ya shigo, ya zo karɓar ƙarin kwafi na dangi. Ya ga baƙin hoton ya ja da baya.

"A'uzu billahi! Ish hada? Mene ne haka? Abuya ne wannan? Jiya nur, yau kuma haka?"

Na zaunar da shi, na nuna masa ƙwan, na nuna masa takardar da ba kowa a kai, na nuna masa rago. Ya daɗe yana kallon ragon. Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyarsa a lokaci guda irin na ranar ba.

Ya ce, "To ka mayar da wancan ƙwan. Ka bar shi yadda yake. Kowa ya gani, kowa ya yi farin ciki. Dahin, yanzu me zan ce musu?"

Na ce tambarin ya riga ya kankaru, kuma ko yana nan ba zan sake ba, tunda yanzu na san mene ne. Na tambaye shi, "Hajiya fa, ta gani?"

Ya ce, "Ta gani. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba, ta kife shi a kan katifa. Farin ciki ne ya hana ta magana."

Wannan shirun nata ya tsaya mini a rai. Na ce masa ya ba ni lokaci, aikin da ya kawo mini fuskar mahaifinsa ce, kuma har yanzu ban ba shi ba. Ya fita bai yi mini sallama ba.

Na sake kiran Ɗa'if. Ammu Bakur ya ce takardar da muke amfani da ita launin haske take ji. Haske mai shuɗi-shuɗi yana sa ta zafin rai, baƙi ya yi baƙi ƙwarai fari ya yi fari ƙwarai, ba tsaka-tsaki. Mai ruwan ɗorawa kuwa yana sanyaya ta. Ya ce, "Fuskokinmu kuma duk a tsaka-tsakin suke zaune. Baƙin mutum cikin farar riga, shi ne hoto mafi wuya a duniya, shi na yi rayuwata ina wankewa. Nemo ƙwai mai ruwan ɗorawa."

Idrisa ya kawo. Launi ya gyaru, amma hasken bai bazu daidai ba, wani gefen ya fi wani. Muka ɗaga ƙwan, muka sauke shi, muka karkata shi, har Idrisa ya fara magana da injin da Larabcin Chadi. Can ya hango wata tsohuwar jarkar zamzam a lungu wadda ta tsage muka daina amfani da ita. Ya yanko gefenta mai faɗi, farar roba mai kama da madara, ya zagaye ta da almakashi ya shimfiɗa tsakanin ƙwai da gilasai. Tunda ƙwan ba ya zafi, ba abin da zai narke. Na haska takarda ba nagatif, ta fito toka ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai kuma na lura sabon ƙwan ba ya mutuwa nan take in an kashe, yana ɗan jan numfashi, don haka na koyi tare idon injin da kwali da zarar lokaci ya cika. Duk lissafin lokacin da na haddace tun ina saurayi ya tashi a banza, sai da na koma yanka tsiri kamar sabon shiga.

Da na tsoma ta ƙarshe, Alhaji Mamman ya fito gaba ɗayansa. Ga layukan goshi, ga tsagar Gobirawa a kumatu, ga wani tabo a saman girar hagu, ga zaren aikin hula ɗaya bayan ɗaya.

Yasir bai zo karɓa ba, sai na naɗe na hau mota zuwa Utaibiyya da hantsi. Ya buɗe ƙofa fuska a ɗaure, amma bai hana ni shiga ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Zinatu, tana zaune a kan darduma. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ne mai wankin hoto, na farkon injinmu ne ya yi kuskure, ga na gaskiya na kawo. Ta ce a kai ta bakin taga. 'Yarta ta kama ta, aka buɗe hoton a gabanta.

Ta kawo fuskarta kusa har hancinta na neman taɓa takarda. Ta bi shi a hankali daga hula zuwa gemu. Ta sa yatsa a kan tabon gira.

Ta ce, "Murfin tanki ne ya buge shi a nan. Na ce ya je asibiti ya ƙi." Ta ɗan yi dariya. "Ji yadda ya ɗaure fuska. Haka yake in an sa shi abin da ba ya so."

Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina. "Ɗan nan, ka ce injinku ne?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Wancan da aka kawo, na duba na duba, inda fuskarsa take fari kawai nake gani, irin farin da ke rufe mini komai yanzu. Yara suna ta kabbara, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, idon ya ƙarasa, na makara. Ban gaya wa kowa ba, don kada in ɓata musu murna."

Yasir ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya kifa kansa a gwiwarta. Ita ko ba ta ɗauke ido daga takardar ba. Na tashi na fita a hankali, ban jira shayi ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki, ku ma ku riƙe shi ko da kwamfuta kuke yi. In abu ya ruɗe ku, ku cire hoton ku dubi hasken shi kaɗai, don sau da yawa matsalar tana wurin da kuka ce ba komai ba ne. Mutanenmu kuma suna son a ƙawata musu nasu, za su roƙe ku ku ƙara fari, ku goge tabo, ku share tsaga, kuma za su yi muku godiya. Amma a kowane gida akwai mutum ɗaya da ya san fuskar nan da gaske, galibi shi ne ba ya cewa komai. Shi za ku wanke wa hoton.